Yadda Dankali Ya Samo Zaƙinsa a Kogon Sanyi

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa dankalin Turawa ke yin zaƙi in ya daɗe a wuri mai sanyi.

A da can, dankali haki yake yi kamar wanda ya sha gudu. In aka tono shi aka zuba a ɗaki, sai ya yi ta numfashi yana cinye abincin jikinsa, kafin wata guda duk ya yamushe.

A wani ƙauye a kan dutse akwai wata manomiya, Lantana. Wata shekara ta tono buhu shida, ga 'ya'ya huɗu, damina kuma da sauran nisa. Kullum ta leƙa ɗaki sai ta ga dankalin ya ƙara ramewa. Ta roƙe shi ya rage haki, ya ce zafi ne, ba yin kansa ba ne.

Sai ta jide shi zuwa wani kogo inda tsoho Sanyi yake zaune. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi damuwarta. Ya ce zai ajiye mata, amma ta sani shi ba ya hura wa baƙo wuta.

Bayan kwana uku ta dawo. Hakin ya lafa, sai dai dankali makyarkyata yake yi.

"Iya, mayar da ni gida," in ji shi. "Gara in rame da in daskare."

Lantana ta kwance bakin zane, ta ciro mazarƙwailar da ta sayo wa autanta, ta bi kowane ɗaya ta gutsura masa. Ta ce ya ɓoye a ciki, in sanyi ya matsa masa ya riƙa tsotsa. Dankali ya tsotsa, ya ji ɗumi, ya yi lamo.

Haka ya kai damina da ƙibarsa. Ranar da ta fara soya shi, mazarƙwailar ta ƙone a mai, ya fito jawur har da baƙi-baƙi. Auta ya ɗanɗana, ya dubi uwar.

"Inna, ashe nan mazarƙwailata ta shige?"

Lantana ta yi dariya, ta ƙara masa a kwano.

To, shi ya sa har wa yau dankali ke numfashi a hankali in ya ji sanyi, ya kuma fito da zaƙin da ya ɓoye. In kuna so ya soyu fari tas, ku bar shi 'yan kwanaki a ɗaki mai ɗumi, ya shanye abinsa tukuna.