Garwashin Kagarar Bakin Teku

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani sarki mai suna Jatau a Birnin Gwanki, ƙasa mai faɗin gonaki da yawan dawaki, wadda ke can tsakiyar tudu, tafiyar kwana arba'in daga teku. Sarki Jatau adali ne mai kwarjini, 'yarsa ɗaya tak a duniya, Gimbiya Tasalla, kuma bai taɓa sanin tashin hankali ba sai wata safiyar Laraba da aka wayi gari babu wuta ko ɗaya a faɗin ƙasarsa.

Aka tona toka, sanyi ƙalau. Aka buga ƙyastu har hannaye suka yi kanta, ko tartsatsi bai fito ba. Maƙera suka zauna suna kallon zuga-zugansu, masu jego suka rasa ruwan wanka, sarki da talaka suka koma gumba da nono, jarirai suka fara mutuwa. Da abin ya kai mako uku, sai tsohon marubucin fada ya zo da wani kundi da gara ta ci rabinsa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, laifin namu ne. Wutar ƙasar nan aro ce. Kakanka na farko ya ɗebo ta daga wata kagara, tsohon gidan yaƙi na duwatsu da ke kan tsauni a bakin teku, inda Murjanatu sarauniyar aljanu take zaune, bisa alkawarin duk shekara ɗari jininsa zai kai mata ziyara ya sabunta garwashi. Shekara ɗari ta cika, mun manta. Shafin da ya faɗi yadda ake isa wurin kuwa, gara ta riga mu karanta shi."

Sarki ya tsufa, ba ya iya hawa, don haka Gimbiya Tasalla ta miƙe ta ce ita za ta je. Aka zaɓa mata barade ɗari, aka kuma ce tunda maganar ruwa ce, sai a kira Sarkin Ruwa Bagudu ya ja ragamar tafiya.

Bagudu kuwa matashi ne ƙaƙƙarfa wanda ya gaji fito, wato ƙetarar da mutane a jirgi, a babban kogin ƙasar daga ubansa da kakansa. Ya san ruwa, wannan ba a musu. Matsalarsa ɗaya, ya san cewa ya sani, kuma duk wanda ya zauna da shi rabin yini sai ya ji wannan labari. Ya durƙusa gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa duk ruwa ne. Wanda ya ratsa kogi da damina, babu wani tafki da zai ba shi mamaki."

Ran kwana arba'in da hantsi suka ɓullo daga cikin kurmi, sai dawaki suka tsaya cak. Gabansu ruwa ne shuɗi, ba gaɓar tsallake, ya tafi har ya haɗu da sama, yana kurari shi kaɗai ba iska ba hadari. Barade suka yi ta salati. Bagudu kuwa ya daure fuska. Can ciki, nisan da kira ba zai jiyu ba, wani tsauni baƙi ya taso tsaye, a kansa kagara mai ganuwa uku da hasumiyoyi masu tsini, tsuntsaye farare suna kewaya ta. Tsakanin gaɓa da gindin tsaunin akwai wata shimfiɗar rairayi mai faɗi, damshi na ƙyalli a kanta, kifaye ƙanana suna tsalle a cikin 'yan kududdufai.

Bagudu ya sauka, ya damƙi rairayi ya murza, ya dubi layin ciyawar da ruwa ya bari can sama, ya yi murmushi irin na gwani. Ya ce, "Ranki ya daɗe, Allah ya ba mu sa'a. Kin ga inda ruwa ya kai da damina, kin ga inda ya koma. Mun zo da rani. Ba zai sake tasowa ba sai bayan wata biyar. A kafa zango a tsakiyar fagen nan, dawaki su huta, gobe mu hau da natsuwa."

Wata tsohuwa mai kwasar gishiri tana tsugunne kusa tana jin sa. Ta ɗago ta ce, "Ɗana, kada ka yi. Wannan ba kogi ba ne. Yana tafiya ya dawo sau biyu tsakanin yau da gobe. Kafin azahar zai rufe wurin nan."

Bagudu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Iya, ruwan da ke cika da azahar ya janye da la'asar, ai sai na randa. Ki ji da gishirinki, ki bar wa masu ruwa ruwansu."

Aka kafa turaku a tsakiyar fage, aka ɗaure dawaki, aka sassauta sirada. Gimbiya ta ce tana so ta yi wa tsohuwar ihsani, Bagudu ya raka ta gaɓa. Suna can sai ya ji wani sauti kamar ana sheƙa gero a babban faifai. Ya waiga. Ruwa na tahowa ta dama da ta hagu, a shimfiɗe, da saurin doki mai sukuwa, sama kuwa tangaran babu ko ɗigon girgije. Yana kallo ruwa ya kai gwiwar dawaki, ya kai ƙirji, dawakai suna haniniya suna fizgar turakun da shi da bakinsa ya ce a kafa. Kafin ya ƙarasa salati, babu doki, babu barde, sai rawuna suna yawo a kan kumfa.

Bagudu ya zube a ƙasa, ya ɗora hannu a ka. Kunya da firgici suka taru suka danne shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Gimbiya ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share ido ta ce, "Sarkin Ruwa, tashi. A gida ma mutuwa ake yi. Je ka tambayi wadda ka yi wa dariya."

Ya ja gwiwa har gaban tsohuwar, ya ce, "Iya, na yi kuskure, ki yafe mini. Yaya ake zuwa kagarar can?"

Tsohuwa ta dube shi ba fushi ba fara'a. Ta ce, "Da ka fara da wannan. Gobe da hantsi, in kun ga dutsen can mai kama da turmi ya fito har gindinsa, ku shiga. Da ƙafa, ba takalmi, ba doki. Ku bar duwatsu masu gansakuka a hannun hagu, dama akwai rairayi mai haɗiye mutum. A gindin tsauni za ku ga matakala, ku hau kada ku zauna hutu. In inuwar ganuwa ta taɓa matakin ƙarshe na ƙasa kuna can, to kun makara." Ta miƙa masa wani kasko, ta ce garwashi ba ya tafiya a aljihu.

Washegari suka yi yadda ta ce. Suka ratsa fage, ƙafafunsu na nutsewa, suka hau matakala mai santsi da aka sassaƙa a jikin dutse, teku na huci a ƙarƙashinsu, har suka wuce ƙofofi uku na tagulla waɗanda suka buɗe da kansu. A tsakiyar wani zaure mai ginshiƙan murjani suka tarar da Sarauniya Murjanatu a kan karaga, tsawonta ya kai dabino, gashinta na ɗigar da ruwa, gabanta wuta na ci a kan dutse ba itace.

Gimbiya ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ce Tasalla 'yar Jatau. Na zo da gaisuwar gidanmu, da neman gafarar jinkirinmu."

Sarauniya ta ce, "Jinkiri na yafe, tunda jini ya zo da ƙafarsa." Ta sa yatsu biyu ta ɗauko garwashi ta jefa a kaskon Bagudu. "Da zarar wannan ya taɓa busasshiyar ƙasa, kowane murhu na ƙasarku zai kama. In ya jiƙe, sai bayan wata shekara ɗari. Kai kuma mai ruwa, mutanenka ɗari suna barci a kogon da ke gindin tsaunina. Dawakai sun tafi. Mutane kuwa, duk wanda ka kira da sunansa da na ubansa zai tashi, wanda ka manta nawa ne. Amma teku ba ya jiran kowa, ko ni."

Suka sauko da gudu. A bakin kogo Bagudu ya ga inuwar ganuwa saura taki kaɗan ta taɓa matakin ƙarshe. In ya wuce yanzu, wuta ta tsira. Ya dubi gimbiya, ta ce, "Kira su."

Al'adar masu fito ce a ƙasarsu, ba mai shiga jirgi sai ya faɗi sunansa da na ubansa, don in ruwa ya ci shi a san gidan da za a kai labari, kuma duk baraden nan Bagudu ya taɓa ƙetarar da su kogi. Ya ɗaga murya: "Gambo ɗan Barau! Tanimu ɗan Nomau! Shekarau ɗan Maikuɗi!" Suka riƙa fitowa ɗaya ɗaya, jiƙe sharkaf, suna mutsuke ido. Bayan na casa'in da tara ya kakare, gumi ya karyo masa, inuwa ta haye mataki ta wuce, sai da ƙyar ya tuno wani siririn barde mai in'ina, ya kira shi, ya fito.

Sun kai rabin fage ruwa ya cim musu. Ya kama idon sawu, ya kama gwiwa. Barade suka sarƙe hannuwa suka sa gimbiya a tsakiya, Bagudu ya ɗaga kasko sama da kansa. Ruwa ya kai ƙugu, sai wata igiyar ruwa ta fantsama a gindin kaskon, shi kuwa ya yi jawur da zafi. Aka ji ƙas! Kasko ya rabe biyu.

Mutum ɗari suka yi kururuwa baki ɗaya. Bagudu bai yi tunani ba, ya cafe garwashin da tafukansa biyu, ya rufe, ya miƙe hannuwa sama. Ƙaurin naman mutum ya bugi hancin na kusa da shi. Ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai wuya, yana tafe yana ihu kamar ana yanka shi, hawaye na zuba, amma bai buɗe hannu ba. Da suka taka gaɓa ya faɗi a kan gwiwoyinsa, yatsunsa sun manne, sai da gimbiya ta ɓamɓare su da hannunta sannan garwashi ya faɗo a kan busasshen rairayi, yana nan da ransa.

Bayan kwana arba'in suka hango Birnin Gwanki, hayaƙi na tashi daga kowane gida. Mutane suka fito da guɗa, amma Bagudu bai ɗaga kai ba. A gaban sarki ya kwance tsumman hannuwansa, fadawa suka kau da ido, don yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe, ba za su sake miƙewa ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, girman kaina ya kashe maka doki ɗari, ya kusa kashe maka mutum ɗari. Hannun nan kuma ba zai ƙara riƙe filafilin tuƙa jirgi ba. A ba wani sarautar ruwa, ni a hukunta ni."

Gimbiya Tasalla ta matso ta durƙusa ta ce, "Baba, doki ana saye. Ni na ga abin da hannun nan ya riƙe. In ka yarda, shi nake so."

Sarki ya ce ya yarda. Aka ɗaura aure ran Juma'a, aka yi kwana bakwai tukwane ba su sauka daga murhu ba. A ranar walima aka ajiye wa ango akushin tuwo yana tururi, ya miƙa hannu sau biyu, loma ta ƙi yankuwa, ya sunkuyar da kai a gaban manyan ƙasa duka. Sai gimbiya ta taso daga cikin mata, abin da ba a taɓa gani ba a gidan sarauta, ta wanke hannunta, ta zauna kusa da shi, ta yanko loma ta hura mata iska, ta ce, "Buɗe baki, Sarkin Ruwa, a hankali, da zafi."