Sunan da Ya Riga Mu Isa Fatakwal

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba tsuntsu fiffike, ya kuma ba shi reshen da zai sauka ya huta.

Ni Tabawa, wadda jikoki ke kira Iya, ban taɓa shiga jirgin sama ba har na tsufa, kuma ranar da aka ce zan shiga, ranar ce jirgin ya ƙi tashi. Ga yadda aka yi.

Jikana Mudassir yana aiki a Fatakwal. Matarsa Suwaiba ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace, haihuwar fari. Mahaifiyar Suwaiba ta rasu tuntuni, ba mai yi mata wankan jego, sai ya taso takanas har Kano don ya tafi da ni. Na haɗa kanwa, da yajin jego da na daka da hannuna, da daddawa, da dambun nama cike da kwano. Ranar Alhamis da hantsi muka isa filin jirgi. Suna kuwa washegari ne, Juma'a da safe.

Muna zaune sai aka yi shela a lasifika, wuri ya ruɗe kamar an jefa dutse cikin zabi. Na ce, "Mai gida, me aka ce?" Haka nake kiransa tun yana rarrafe.

Ya ce, "Iya, matuƙan jirgin sun shiga yajin aiki. Wai ana sa su tashi a kai a kai, ba a ba su lokacin barci. Yau babu tafiya, gobe ma ba tabbas."

Na ce, "To. Ruwa ba ya tsami banza."

Bai saurare ni ba. Ya nufi wata yarinya mai aikin kamfanin, yana buga tebur yana ɗaga murya, ita kuwa sai haƙuri take bayarwa, idonta ya cika da ƙwalla. Na je na ja gefen rigarsa, na ce, "Ita ke tuƙa jirgin? An ce da kai ita ta ɓoye makulli?" Ya fizge ya fita waje. Ni kuwa na shimfiɗa zanena a gindin bango, na buɗe kwanon dambu, na miƙa wa wata mai goyo da ke kusa da ni.

Can sai ga shi ya dawo da wani dogon mutum, idanunsa jajur kamar gauta, baki cike da goro.

"Iya, tashi. Na samo mota shata. In muka kama hanya yanzu ba tsayawa, kafin liman ya zauna gobe muna ƙofar gida."

Na dubi direban. Na ce, "Ɗan nan, daga ina?"

"Daga Fatakwal ɗin, Hajiya. Ɗazu da safe na shigo."

"Ka runtsa?"

Ya yi dariya. "Ai mu mun saba. Goro da shayi sun ishe ni."

Na ce ya je inuwa ya jira mu. Da ya ba da baya na nuna wa Mudassir gefen zane. "Zauna."

"Iya, lokaci na tafiya."

"Bar shi ya tafi, ba da mu ya zo ba. Ashe ba ka ji abin da ya faru tsakanin Madugu Jatau da masu fito ba?"

Ya zauna a ɗofane, yana duban agogo. Ya ce, "Me ya faru tsakaninsu?"

Na ce:

An yi wani madugu, Jatau, a zamanin da ake zuwa Gwanja da jakuna. Wata shekara suna komowa da goro, suka iso wani babban kogi, damina ta yi nisa, ruwa ya cika baki da baki. Ayarinsa duka ya haye da yamma, shi kuwa ya tsaya baya neman wani jaki da ya ɓata. Da gari ya waye ya iso mashigi, sai ya tarar da jiragen ruwan an jawo su tudu an kife, masu fito suna zaune gindin gawo, sun jingine filafilansu.

Ya ce, "Ku tashi ku ƙetare da ni."

Babbansu ya ce, "Madugu, yau ba fito. Sarkin kasuwa yana sa mu haye sau goma a yini, jiragen sun tsage, hannuwanmu sun mutu. Mun ce a ba mu kwana uku mu toshe su mu huta, an ƙi. To mun ajiye."

Jatau ya zage su tas. Ya ce raggaye ne, ya ce sun ci amanar matafiya. Abin da ke cin ransa shi ne, goro ba ya jira, in ayari ya ƙara kwana uku a bakin ruwa zai fara ruɓewa, ayari kuwa ba ya ɗaga ƙafa sai madugu ya ce a tashi.

Yana cikin haka sai ga wani mutum ya rungumo ƙaton gora irin wanda ake haye ruwa da shi. Ya ce, "Ni zan kai ka. Ka rungumi gora, ni in tura. Tun daren jiya sau tara na haye." Leɓensa ya yi fari fat don gajiya.

Jatau ya fara naɗe wando. Akwai wata tsohuwa mai toya ƙosai a mashigin, ta fi shekara talatin a wurin. Ta ce, "Madugu, kafin ka jiƙa ƙafarka, ka san dalilin da ya sa ƙadangare yake gyaɗa kai?"

Ya ce, "Ban sani ba, kuma ba shi ya dame ni ba."

Ta ce, "Zai dame ka. Ɗauki ƙosai ka ji."

Ta ce:

A da can, in ƙananan dabbobi za su ƙetare kogi, shamuwa ke ɗaukarsu. Wata rana aka aiko wa ƙadangare cewa surukinsa na hayi yana gayyar noma. Ya zo wurin shamuwa, ya tarar sun sauka a kan rimi, sun sunkuyar da kai. Ya ce a ɗauke shi. Uwar shamuwa ta ce, "Jiya muka iso daga tafiyar wata guda. Fukafukanmu sun yi nauyi. In na ɗauke ka yau, ban san inda zan sake ka ba. Ka ba mu kwana biyu."

Ƙadangare ya ce, "Dogayen ƙafafu na banza! Sai ku kaɗai Allah ya ba fiffike?"

Ya tafi ya sami jemage a rataye, bai daɗe da dawowa daga yawonsa ba. Jemage ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Me za a yi da shamuwa? Ni da nake tashi cikin duhu, rana ce za ta gagare ni?" Ya kama ƙadangare da ƙafa suka tashi.

Suka yi sama, iska ta yi daɗi, rana ta ɗumama bayan jemage. Barci kuwa ɓarawo ne, ba ya sallama. Jemage ya yi hamma, ƙafarsa ta saki. Ƙadangare ya taho ƙasa, tim, a kan ƙirji, a tudun da ya baro, ko ruwan bai kai ba. Ya kwanta wata uku yana jinya. Gayya ta wuce, shamuwa suka huta suka ci gaba da fito, shi yana kwance. Tun daga ranar in ya hau katanga ya ga tsuntsu a sama, sai ya ɗaga ƙirjin nan da ya sha ƙasa, ya gyaɗa kai yana cewa, "Gaskiyar shamuwa, gaskiyar shamuwa."

Tsohuwa ta juya ƙosai ta ce, "Madugu, wanda ya ce maka ya gaji, ya fi ƙaunarka da wanda ya gaji ya ɓoye."

Jatau ya saki wandonsa, amma ransa bai kwanta ba. Ya ce, "Na ji. To goron fa? Ayari na can yana jirana."

Ta ce, "In ka haye, me za ka yi musu? Kai za ka ɗauki kayan a ka?"

"A'a. Zan ce su tashi, su bi hanyar gabas, jagaba ya shige gaba."

"Iyakar abin ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

Ta ce, "Ashe maganarka ce ke sauri, ba ƙafarka ba. Ita ba ta nutsewa. Aika ta."

Sai Jatau ya koma gindin gawo, wurin mutanen da ya zaga, ya durƙusa ya ba su haƙuri. Babbansu bai riƙe shi ba. Ya kira wani daga cikinsu mai ƙaton murya, wanda suke sawa ya kira mutanen hayi. Ya tsaya bakin ruwa ya haɗa tafin hannu a baki, ya ƙwala wa jagaba kira, ya faɗa masa saƙon madugu sau uku. Jagaba ya ɗaga rawaninsa alamar ya ji. Kafin azahar ayari ya ɗaga.

Mai gora kuwa ya sami wani falke mai gishiri da ya ƙi jira. Suna tsakiyar ruwa hannun mai gora ya sage, gora ya juye. Waɗannan masu fiton da aka kira raggaye su suka faɗa ruwa suka tsamo su biyun da rai. Gishiri dai ya koma inda ba a tambayarsa. Bayan kwana uku aka sasanta da sarkin kasuwa, aka toshe jirage, Jatau ya haye a bushe, ya cim ma ayarinsa a zango na biyu, goro lafiya lau.

Na dubi Mudassir na ce, "To, mai gida, ga jemagenka can a inuwa yana hamma. In kana so ka hau, hau. Amma ni ban kai wannan shekarun don in ƙare a gefen titi da kanwa a cinya ba, kuma ba zan bari a raɗa wa yarinya suna a gidan makoki ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Iya, 'yata ce ta fari. A ce an yi sunanta ba na nan? Me mutane za su ce?"

Na yi dariyar da ban shirya ba. Na ce, "Ku yaran yanzu! Ka san inda kakanka yake ranar sunan ubanka? Yana gona. Tun asuba ya sulale, ko karyawa bai yi ba, sai da aka watse ya dawo ta bayan gida. Ɗan fari ne, kunya ba ta barin uba ya zauna a gaban mutane yana washe baki. Wansa ya faɗa wa liman sunan, aka yanka rago, aka yi addu'a. Sunan bai kama ba? Ga ubanka nan har yau da shi ake kiransa."

Ya ɗan murmusa.

Na ce, "Ragon yana can?"

"Yana can ɗaure."

"Goro da dabino?"

"An saya."

"Baffanka Ɗanjuma ba yana kasuwar shanu a garin ba?"

"Yana nan."

"To me ya rage wanda sai ƙafarka? Madugu sai da ya nemi mai ƙaton murya. Kai ga abin kira a aljihunka kana ta latsawa tun safe."

Sai ya ce, a hankali, "Akwai abin da ya rage. So na yi a faɗi sunan kina zaune a wurin, ki ji da kunnenki."

Na ce, "Kunnena yana nan tare da ni. Ban bar shi a gida ba."

Ya tashi ya je ya sallami direban, na ji yana ce masa ya nemi wuri ya kwanta. Ya koma wurin yarinyar nan ya ba ta haƙuri, ya bi layi kamar kowa, aka rubuta mu cikin waɗanda za a fara ɗauka in an sasanta. Sannan ya dawo ya zauna a kan zanena, wannan karon zama na sosai, ya kira Suwaiba ya gaya mata. Na karɓi wayar na faɗa mata yadda za ta dama kunun kanwa da yadda za a tafasa ruwan wanka da ganyen darbejiya kafin in iso, na ce kada in ji an ce da ruwa mai ɗumi-ɗumi ta yi. Daga nan ya kira baffansa.

"Baffa, jirgi ya ƙi tashi. Kai ne uba gobe. In liman ya tambaya, ka ce sunanta Barira."

Barira, sunana na yanka. Rabon da in ji an kira wannan suna tun rasuwar mahaifina, shekara hamsin da wani abu. Miji bai kira ni da shi ba, 'ya'ya ba su isa ba, har na zaci ya bi tsofaffi kabari. Ban san ma yaron nan ya san shi ba. Na juya fuskata wajen bango na gyara ɗaurin kallabina, na daɗe ina gyarawa.

Ya ce, "Iya, kin ji?"

Na ce, "Na ji. Sai ku nemo mata laƙabi, don ba wanda zai riƙa kiran sunana gatsau a tsakar gida."

Ya ce, "Gaskiyar shamuwa," yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na ɗaga hannu kamar zan make shi, sannan na tura masa kwanon.

Sai ranar Lahadi jirgi ya tashi. Da muka shiga, na ce a tambayo mini mai tuƙin ko ya yi barci. Aka dawo ana dariya, aka ce ya ce ya yi, har da munshari. Na ce to bismilla, mu tafi. Muka iske takwarata kwana biyu da suna, an yi mata aski, tana barcinta.

Allah ya ba mai tafiya haƙuri, ya ba mai tuƙi hutu, ya sauke kowa inda ya nufa.