Waƙoƙin Inna Lucia da Aka Kulle a Faifai

Akwai wani dattijo a Samaru, Baba Kefas, wanda ya yi shekara talatin yana fassara wa'azi a coci. Mutum ne da ba ya ƙyale kuskure. Ko a allon sanarwa ya gan shi, sai ya ciro jan bironsa ya gyara kafin ya shiga sujada.

Yayarsa, Inna Lucia, a gidansa take zaune. Ita kaɗai ta rage da ta iya waƙoƙin niƙa da na girbi na ƙauyensu a kudancin Kaduna, cikin yaren da jikokinsu ba sa ji. Shekara shida tana rerawa yana rubutawa, har ya tara waƙa ɗari da goma sha huɗu a littattafai bakwai.

A shekarar 2003 ya ce lokaci ya yi da za a shigar da su kwamfuta. Sai dai yaren nasu yana da alamomin murya a kan haruffa, ba kowace manhaja ke iya fitar da su ba.

Ya fara zuwa shagon Bukola, wata Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari da ke gyaran kwamfuta a Samaru. Duk Asabar ita da abokanta masu son kwamfuta suke taruwa a shagon, suna musayar faifan Linux, manhajar da take aiki da ita, suna gardama.

"Baba, zan iya," in ji ta. "Haruffan za su ba mu wahala, amma abin da na buga maka kowace kwamfuta za ta buɗe shi, yau ko bayan shekara ashirin."

"Wannan abin naki, wa ya ƙera shi?"

"Mutane da yawa, a ƙasashe daban-daban. Kyauta ne. Kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara."

"Kowa? Wato ba shi da uba ke nan. Ranar da ya lalace, wa zan kama?"

Duk da haka ta buga masa waƙa ɗaya don ya gani. Ya gyara tabarau, ya hango wata alama ta ɗan karkace a kan harafi. Nan take ya tattara littattafansa.

"'Yata, ku ci gaba da wasanku. Wannan aikin manya ne."

Ya hau bas zuwa Sabon Gari, shagon Chuks mai buga takardu. Chuks ya ɗauko wani kwalin manhaja mai sheƙi ya ajiye gabansa.

"Baba, wannan orijinal ne. Ga lasisi, ga hatimi, ga adireshin kamfani a Legas. Har makulli gare shi."

Makullin wani ɗan ƙarfe ne da ake sokawa a bayan kwamfuta. In babu shi, manhajar ba ta tashi. Baba Kefas ya shafa hatimin, ya ga haruffan sun fito tsaf, hankalinsa ya kwanta.

Aka fara aiki. Duk shafin littattafansa da aka shigar a kwamfuta ya kuma duba, sai ya ja masa jan layi, ya yage shi, ya kai murhu. A cewarsa, kada tsohon kuskure ya sake komawa cikin aiki mai tsafta.

Wata rana suka haɗu da Bukola a bas. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ka sa Chuks ya fitar maka da su a takarda, ko kwafi ɗaya ne."

"Ba za a fitar ba sai na gama gyara. Ba na sa sunana a kan abu mai kuskure."

A 2005 Inna Lucia ta rasu. Shekara ta zagayo, wata rana da tsakar rana aka dawo da wuta da ƙarfin tsiya. Kwamfutar Chuks ta yi hayaƙi, makullin ya narke a jikinta.

"Kada ka damu, Baba," in ji Chuks. "Aikinka yana nan a faifai uku."

Chuks ya samo sabuwar kwamfuta, ya sa manhajar. Ta ce a kawo makulli. Ya buga lambar kamfanin, ba ta shiga. Ya tafi Legas da kansa, ya tarar ana sayar da takalma a adireshin. Kamfanin ya rufe, masu shi sun watse, babu wanda ya bar wa kowa bayanin yadda ake buɗe abin da suka kulle.

Baba Kefas ya zauna ya rubuta wa kamfanin wasiƙu goma sha ɗaya, kowace da kwanan wata da lambar lasisi. Huɗu suka dawo ba a buɗe ba. Sauran ko dawowa ba su yi ba.

Ranar da ya koma shagon Bukola, ya daɗe a bakin ƙofa kafin ya yi sallama. Ba ta tuna masa komai ba. Ta ba shi kujera, ta karɓi faifan da hannu biyu.

Asabar uku ita da abokanta suna fama. A ta ukun ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Babu komai sai tarkacen alamomi marasa ma'ana.

"Baba, waƙoƙin suna ciki. Amma da gangan aka murɗe su, yadda sai da makullin kamfanin za su warware."

"To ku fasa shi mana! Ba ku ne masana ba?"

"Mun gwada duk abin da muka sani. Da a buɗe suka bar tsarinsu, da tuni mun gama."

"Amma nawa ne!" in ji shi. "Yayata ta rera, ni na rubuta."

"Naka ne, Baba. Ƙofar ce tasu."

Mutumin da ya nemi abu mai uba don ya san wanda zai kama, ga shi babu ko inuwar wanda zai kama.

Bukola ta ɗan danna wani wuri. Waƙar nan ɗaya da ta buga masa shekara uku da suka wuce ta buɗe nan take, duk da ta sauya kwamfuta sau biyu. Ta fitar masa a takarda.

Ya karanta ta har ƙarshe. Alamar nan tana nan a karkace yadda ya bar ta. Hannunsa ya je aljihu wajen jan biro, sai ya fasa.

"Sauran ɗari da goma sha uku fa?" ya tambaya a hankali.

Bukola ta tattara faifan nan uku ta miƙa masa.

Ya yi ƙoƙarin tuno su a gida. Farkon wasu ya zo, ƙarshensu ya ƙi. Har ƙarfinsa ya ƙare yana yawo da faifan nan uku a jakar Littafi Mai Tsarki. Duk inda ya ji an buɗe sabon shagon kwamfuta a Zariya, sai ya je ya miƙa su. Su duba, su girgiza kai, su mayar masa.

Darasi: Kada hatimi da kwali mai sheƙi su sa ka raina abin da aka bari a buɗe, ko ka raina mai ba ka shawara don ta girme ka da sani ba da shekaru ba. Kafin ka zuba aikin rayuwarka a wata manhaja, tambaya: in masu ita sun ɓace gobe, wa zai buɗe mini? Kuma duk kamfanin da ya kulle aikin mutane, wajibi ne a tilasta masa sakin makullin kafin ya rufe ƙofa. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Ku tura wa duk wanda ke da abin da ba zai so ya rasa ba.