Biri da Gangar Kokawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo, muna ji.

Shekarar da samarin dabbobin ƙasa duka suka taru gasar wasanni, Dajin Kuka ya tura Biri, don babu mai kamo shi a gudu. Sai dai Biri ba ya iya zama wuri ɗaya.

Kakarsa ta ja masa kunne: "Ɗan nan, tsere aka turo ka. Kome ka ji, kada ka waiga."

"Na ji, Kaka," in ji shi, idonsa yana can filin langa.

Aka busa usur, Biri ya ba kowa tazara. Ashe Dila, da ke biye da shi, ya riga ya ƙulla da makaɗi. Biri na dab da ƙarshe, sai gangar kokawa ta tashi.

"Kai! An fara kokawa babu ni?" Sai ya yi kwana.

Ya iso yana haki, ya tarar da makaɗi shi kaɗai. "Ina 'yan kokawar?"

"Ai sai gobe. Sabuwar fata nake gwadawa."

Can baya guɗa ta tashi, an ɗaga Dila sama. Kafin Biri ya dawo, Kaka ta naɗe tabarmarta ta kama hanyar gida.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare nan!