Wakilin Ɗan da Ba a Haifa Ba

An ce a zamanin wani sarki, wani likita ya zo daga gabas da ilimi mai ban mamaki: tun kafin ciki ya shiga, yana iya zaɓar wa iyaye siffa da halin ɗan da za su haifa. Sarkin nan kuwa ya taɓa binne 'yarsa Yalwa, wadda amosanin jini ya wahalar har ta rasu, kuma tsoron sake ganin haka bai taɓa barin zuciyarsa ba. Don haka ya kira likitan, ya ce a raba ɗan da zai haifa nan gaba da wannan ciwo.

Da an tsaya nan, da babu labari. Amma fadawa, waɗanda ba a raba su da ƙarin gishiri, suka ce ai ɗan sarki ya kamata ya yi tsawo. Sarki ya ce a ƙara. Suka ce da jarumta. Ya ce a ƙara. Daga ƙarshe shi da kansa ya ce a yi shi mai biyayya, wanda ba zai taɓa yi wa ubansa musu ba.

Sai Malam Tanimu, tsohon alƙalin garin da tsufa ya ajiye a gida, ya iso fada yana dogara sanda. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, wata mas'ala ce ta shige mini duhu. Mutum ya mutu ya bar mace da ciki. Magada suna gaggawa. A raba gado?"

Sarki ya ce, "Malam, kai ka koya mana. Sai a jira ta haihu."

"Don me, alhali na cikin ba ya ji, ba ya gani?"

"Don yana da rabo, kuma ba ya nan balle ya kare kansa."

Malam ya ce, "To, Allah ya ja zamaninka, yau na ji ana rabon halin wani a fadar nan, shi kuma ba ya nan. Na zo in tsaya masa wakili."

Ran sarki ya ɓaci, amma ya ce ya yi magana.

Malam ya ce, "Batun ciwo, na amince a madadinsa, domin babu wanda za a tambaya ya zaɓi azaba. Tsawo fa, wa zai amfana?"

Sarki ya ce, "Mai tsawo ya fi kwarjini."

"A idon wa? Bari wannan. Biyayyar fa? Ran da ka yi kuskure a hukunci, fadawa suka ce daidai ne, wa ya rage a gidanka da zai ce maka a'a? Kuma in ya girma ya so ka, yaya za ka san shi ne ya so ka, ba likita ba?"

Kunya ta kama sarki, domin ya gane abu ɗaya kaɗai ya roƙa saboda yaron, sauran duk kansa ya roƙa wa. Ya dubi likita ya ce, "Cire ciwon. Sauran ka bar masa kayansa."

Sa'an nan ya juya ga fadawa ya ce, "Ku shaida, na kusa cin amanar maraya tun ubansa na da rai. Adalcin mai iko ba ya tabbata sai a kan wanda ba shi da bakin kai ƙara."