Ƙofar da Aka Hana Goggo Bugawa

Akwai wata tsohuwa, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, da ake kira Goggo mai wanki. A wani dogon bene take zaune, a ɗakin ƙarshe kusa da rufi, cikin wani gari da yaƙi ya ritsa da shi. Mutanen garin ba su taɓa ganin sojan abokan gaba a titi ba, amma jiragensu ba sa fashi. Su zo, su zubar da bama-bamai, su juya, su bar jama'a da tonon 'yan uwansu.

Garin yana da jiniya da ake kaɗawa idan jirage sun taso. Sai dai da wutar lantarki take aiki, wuta kuwa ta zama baƙuwa. Sau da yawa ƙarar bam ɗin ce sanarwa.

Goggo tana da ɗa tilo, direban motar haya. A farkon yaƙin ya dawo daga aiki a gajiye, ya kwanta a ɗakinsa na haya a wata unguwa. Maƙwabta suka ji jirage suka gudu, kowa yana zaton wani ya tashe shi. Ba wanda ya tashe shi. A kan katifarsa aka tono shi.

Tun daga ranar Goggo ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Da yake a saman rufi take shanya, ita ke fara jin gurnanin jirage. Sai ta yar da abin da ke hannunta, ta ɗauki wani tsohon ludayin ƙarfe, ta bi matakala tana dukan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.

"Ku fito! Ga su nan! Ku fito!"

Gwiwarta ta hagu ta daɗe da lalacewa, don haka kowa sai ya riga ta isa ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda suke fakewa, wanda suke ce wa rami.

In za a faɗi gaskiya, kunnen Goggo yakan yaudare ta. Wani lokaci jiragen su wuce wata unguwa. Rannan ma motar kwasar shara ce ta sauko da mutanen bene kaf, har da mai kumfar sabulu a ka. Telan da ke hawa na biyu ba ya barin irin wannan ta wuce.

"Goggo, yau kuma masu shara ne suka kawo mana hari?"

Ta yi dariya tana haki. "Kai dai yi ta surutu, ɗan nan. Gara ka sauko a banza da a sauko da kai."

Mutum ɗaya ne abin ba ya ba shi dariya. Shi ne shugaban masu aikin dare a tashar ruwan garin, yana hawa na uku da matarsa, ma'aikaciyar jinya. Yallaɓai ake ce masa, don idan ka kira shi da wani suna sai ya yi kamar ba da shi kake ba. Yana ganin duk benen babu wanda ya kai shi sani.

Ba zan ƙi ba shi haƙƙinsa ba, mutumin yana shan wahala. Ya kwana a tsaye don gari ya samu ruwa, ya dawo da safe ya toshe kunne da auduga, barci ya fara daɗi, sai ga ludayin Goggo. Amma gajiya daban, wulaƙanci daban.

Wata rana da hantsi Goggo ta buga, aka sauka rami, jiragen suka wuce ba su jefa komai ba. Ana hawowa Yallaɓai ya tare ta a matakala, gaban kowa, idonsa jawur.

"Wai ke wa ya naɗa ki mai gadinmu?"

"Yi haƙuri, ɗana. Na ji kamar..."

"Ni ba ɗanki ba ne! Kin san abin da ake kira jirgi? Tsohuwa ba aiki sai tayar wa mutane hankali. Ba ni na kashe miki ɗa ba, balle ki huce a kan ƙofata!"

Ya fizge ludayin ya wurga shi ƙasa. Aka ji ƙararsa yana gangarawa har ƙasan bene.

"Daga yau kar hannunki ya sake taɓa ƙofar nan. Ko sama za ta faɗo, ki wuce."

Goggo ba ta yi kuka a nan ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "To, na ji. Allah ya huci zuciyarka." Ta kama ƙarfen matakala ta hau a hankali.

Da yamma matar Yallaɓai ta hau ɗakinta, ta durƙusa tana ba ta haƙuri.

"Goggo, don Allah ki yafe masa. Rashin barci ne."

"Tashi, 'yar nan, ba komai. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ba shi ya kashe mini ɗa ba." A nan ne hawayen suka zubo.

Tela ya tsinto mata ludayinta, ta ci gaba da aikinta. Idan ta zo ƙofar Yallaɓai sai ta tsaya, ta ɗaga hannu, ta sauke, ta wuce. Idan matarsa tana gida ita ke tashinsa. Shi kuwa ko gaisuwa ya daina amsa wa tsohuwar, girman kai rawanin tsiya.

Sai ranar da abin ya zo da gaske. Da tsakar rana ne, babu wuta, babu jiniya. Gurnanin ya sha bamban da na kullum, har gilasan tagogi suna rawa. Goggo ta sauko tana dukan ƙofofi, ta zo ta Yallaɓai, ta wuce kamar yadda aka umarce ta.

Da ta isa rami ta bi fuskoki da kallo. Babu shi. Ta tuna da safe ta ga matarsa ta fita asibiti da fararen kayanta.

"Yana ciki," in ji ta. "Barci yake."

Bam na farko ya faɗi a kusa, ƙura ta zubo daga rufin ramin, yara suka ɓarke da kuka. Goggo ta juya ta nufi matakala. Tela ya riƙe mata hannu.

"Goggo, ina za ki? Shi da bakinsa ya ce ko sama za ta faɗo ki wuce. To ga ta tana faɗowa!"

Ta duba samarin da ke wurin. Kowa ya sunkuyar da kai, kuma ba na ganin laifinsu, rai ba wasa ba ne.

"Haka aka bar nawa," ta ce. "Kowa da hujjarsa."

Ta zame hannunta ta fita. Da wannan gwiwar ta hau har hawa na uku, tana jan ƙafa, ƙasa tana girgiza. Ta daki ƙofar da duk ƙarfin da ya rage mata, ta yi ta duka ba tsayawa.

Yallaɓai ya buɗe da zagi a bakinsa. Yana zare audugar kunnensa ya ji abin da ake ciki. Nan take ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya wuce ta gefenta, yana tsallake matakala bibbiyu, babu ko takalmi. Sai da ya faɗa cikin rami ya waiwaya, ya ga babu kowa a bayansa.

A daidai lokacin bam ya sauka a kan benen.

Bayan jiragen sun tafi, mutane suka fito cikin hayaƙi. Hawa na uku babu shi, ɗakin Yallaɓai da gadonsa sun zama ɓaraguzai. Yallaɓai ya shiga tono da hannu kamar mahaukaci, yana kiran sunan da bai taɓa kira da ladabi ba: "Goggo! Goggo!" Faratansa suka ɓare, bai sani ba.

A matakalar hawa na biyu suka same ta, bango ya danne ta daga ƙirji zuwa ƙasa, da sauran numfashi. Ya durƙusa ya share mata ƙurar fuska. Ta buɗe ido ta gane shi.

"Ka fita, ɗana?"

"Na fita, Goggo. Na fita na bar ki. Ki yafe mini, don girman Allah ki yafe mini!"

Ta motsa leɓe da kyar, sai da ya kai kunnensa kusa.

"Alhamdu lillahi. Kai ma ka yafe mini, na taɓa maka ƙofa."

Daga nan rai ya yi halinsa. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai zuciyata ta karye. Yallaɓai ya rungume kanta yana kuka kamar ƙaramin yaro, har aka zo aka ɓamɓare shi. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Darasi: Kada ka wulaƙanta wanda yake damun ka don yana tsoron ya rasa ka. Mai yi maka gargaɗi yana iya yin kuskure sau da yawa, amma ranar da ya yi daidai ranka ne zai tsira, kuma ba kullum ake samun damar neman gafara ba. Idan akwai wata Goggo a rayuwarka, uwa ce ko maƙwabciya, je ka gode mata yau tun tana jin ka. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila ya tausasa zuciyar wani kafin lokaci ya ƙure masa.