Igiyar da Aka Ɗaura wa Ƙarfe

An yi wani mutum a nan Challawa, yana aiki a wani kamfanin jimar fatu. Ya 'yan uwa cikin Almasihu, ba mashayi ba ne, ba mazinaci ba. Kullum shi ne na farko a sujada, muryarsa ta fi ta kowa a addu'a. Zunubinsa ɗaya ne: gaba da ɗan'uwansa.

Ƙanensa Iliya, ciki ɗaya, aka ba shi shugabancin masu aiki a ɓangarensu. Shi ke nan laifin. Tun daga ranar yayan ya daina amsa gaisuwarsa. Ran Jibin Ubangiji sai ya sake benci, don kada ya karɓi ƙoƙo daga hannun ƙanensa. Fasto ya yi masa magana, shi kuwa ya ce fasto ya ɗauki gefe. Uwarsu ta durƙusa masa, ya tsallake ta ya wuce.

To, a kamfanin akwai ramin da dagwalon jima ke taruwa. In ya toshe, mutum ke shiga ya buɗe. Iskar ciki guba ce. Shi ya sa ake ɗaura wa mai shiga igiya a ƙugu, wani ya riƙe a sama, da ya ji ta yi nauyi ya ja.

Ranar da layi ya zo kan mutumin nan, sauran ma'aikata sun fita cin abinci, Iliya kaɗai ke kusa. Malam Idrisu mai gadi zai koma bakin ƙofa, ya ce masa, "Kira ƙanenka mana ya riƙe maka."

Ya ce, "Allah na riƙe da ni, Malam."

Ya ɗaura igiyar a jikin ƙarfe, ya sauka.

Ƙarfe yana jin nauyi ne? Ƙarfe yana ja? Iliya ne ya jawo shi daga baya, yana kiran "Yaya, Yaya." Yadda ya saba ƙin amsawa, haka bai amsa ba, rai ya riga ya yi halinsa.

Ku da ke zaune yanzu kuna hararar juna, kuna rera waƙa ɗaya, wa kuke ruɗi? Almasihu ya ce a shirya da ɗan'uwa kafin a kawo baiko gaban Allah. Allah ya ajiye wa mutumin nan hannu a bakin rami, shi ya raina shi. Ba ji na yi ba. Ni na haife su duka biyun.

Tashi ka gai da wanda kake gaba da shi, yau. Allah ya kiyaye mu da taurin zuciya, cikin sunan Yesu. Amin.